Shirun da Na Yanke daga Faifan Dirakta

Ƙyashi ya daɗe a jikina. Tun ina yaro, in an yabi wani a gabana sai in ji kamar ni aka zaga, ko da abin da aka yabe shi a kai bai shafe ni ba. Na sha ba abin wasu sunaye, in ce kishin sana'a ne, in ce rashin son raini ne. Yanzu da gemuna ya yi fari na daina wahalar da kaina da neman suna. Abin da zan faɗa a nan ya faru ne a shekarun da faifan sede yake tashe a Dogon Dutsi, kafin wayar hannu ta zo ta kore mu duka.

Rumfata tana bakin gudiro, wato titin kwalta, daf da tasha. Da kaset na fara, ina juya wa mutane waƙoƙin biki da karatun malamai. Da kaset ya tsufa na sayi wata ordinata, wato kwamfuta, ta hannu mai buga sede. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan aikin na iya shi, kuma tasha ce ta koya mini. Mai sayen faifai a tasha ba a ɗaki yake saurare ba. A tsaye yake saurare, ga ihun ƴan kamasho, ga ƙarar kabu-kabu, ga lasifikar maƙwabcinka tana neman danne taka. In sautin bai fito da ƙarfi ba sai ya ce faifan ba shi da kyau. In kuwa ya ji wani wuri ya yi shiru, ko na ɗan numfashi ne, washegari zai dawo maka da shi ya ce ka sayar masa da fanko. Saboda haka duk abin da aka kawo mini sai na ɗaga sautinsa har ƙarshe, na share ƙugin da ke ciki, na yanke duk inda aka yi shiru. Ko malami ne ya tsaya kurɓar ruwa a tsakiyar karatu, ni ba na bar masa wannan tsayuwar. Matasan ƴan kasuwa masu son wa'azi a wurina suke saye, suna cewa faifaina ba ya ɓata wa mutum lokaci. Ina jin daɗin wannan magana ƙwarai.

Tsallaken hanya, daidai gaban rumfata, akwai rumfar taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Mutumin Kore Mairuwa ne. Ya yi shekaru yana ci-rani a tsallaken iyaka, can ya koyo gyaran rediyo. Ni na nema masa rumfar, kuma ban taɓa bari ya manta ba. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, bawana nake kiransa, shi kuma ya ce mini ubangijin da ba ya ciyarwa. Mutum ne mai sanyin hannu, yana iya wuni a kan rediyo ɗaya yana lallaɓa ta kamar mai jinya. Ni a lokacin, rashin hanzari nake ɗaukar hakan.

Sai kuma tsohon shugaban lakkwal ɗinmu, makarantar boko ke nan, wanda duk gari ke kira Dirakta ko bayan da ya ajiye aiki. Shi ya koyar da ni a ajin ƙarshe, shekarar da na faɗi jarrabawa na bar karatu. Bai taɓa dukana ba. Amma wata rana ya yi tambaya na amsa wani abu dabam, sai ya dube ni ya ce, “Kai kunnuwanka na ado ne.” Yara suka yi dariya. Shi na tabbata ya manta kafin a tashi, ni kuwa na ɗauki maganar na girma da ita. Ko da na zama mai rumfa, in ya zo wucewa na gaishe shi, can cikin raina jira nake ya tsaya ya ce ashe ka zama wani abu.

Wata ranar bazara ya sauka daga kabu-kabu a gaban rumfata, rungume da wani ɗan akwatin katako da aka naɗe da tsohon bargo. Na tashi na karɓe shi, sai na ji nauyinsa kamar an cika shi da duwatsu. Da ya buɗe na ga fayafayen garmaho ne, baƙaƙe masu kauri, kowanne cikin rigar takarda da ta yi ja don tsufa.

“Wani Bature da ya koyar da mu a makarantar malamai ya bar mini su da zai koma ƙasarsu,” in ji shi. Da ƙarfi yake magana, irin ta wanda ba ya jin muryarsa sosai. “Kiɗan piyano ne. Ka san shi?”

Na ce na taɓa gani a talabijin, wani babban akwati da ake dannawa da yatsu.

“Shi ne. Mutum ɗaya ke kaɗawa, babu waƙa, babu ganga. Waɗanda suka kaɗa waɗannan, wasunsu sun mutu tun ba a haife ni ba. Garmahona ya daɗe da lalacewa. Ɗiyata ta sayo mini rediyo mai cin sede, ina so ka juya mini su.” Ya taɓa kunnensa na hagu. “Wanga ya rufe. Likita a Yamai ya ce na dama ma yana hanya. Ina so in ji su tun yana nan.”

Akwai wasu matasa biyu a kan bencina suna jiran faifan wa'azi. Ɗaya ya sunkuya ya ce wa ɗan'uwansa, tsoho da kiɗan Nasara. Dirakta bai ji ba, ni na ji. Na ji kunyar su ga ina hidima da irin wannan kaya. Ban da haka ma ba ni da abin da zan kunna faifan garmaho da shi, kuma ba na so in ce wa Dirakta akwai abin da ban iya ba. Sai na ce aiki ya yi mini yawa, na nuna masa tsallaken hanya.

“Bawa,” na ɗaga murya, “ga aiki na aiko maka, irin naka na tsofaffin kaya.”

“Yau ubangijina ya yi kyauta?” in ji taubashina, yana goge hannu a jikin wando. “Bari in laluba tukuna, kada a ce da ƙaya a ciki.”

Ya tsallako ya durƙusa ya gaida Dirakta, ya ɗauki akwatin da hannu biyu, suka tafi. Na yi dariya na koma kan matasana. Na ɗauka na yar da wahala ne.

Taubashina ya ɗauki abin da gaske. Ya tono wata matacciyar rediyo mai juya faifai daga cikin tarkacensa, ya gyara injinta, ya aika tsallaken iyaka aka samo masa allurar da ta dace. Fayafayen kuma ɗaya bayan ɗaya ya riƙa wanke su da ruwan randa da tsumma mai laushi, yana jingine su a inuwa, ba ya bari rana ta gan su. Ya ja waya daga rediyon zuwa wata ƙaramar ordinata da wani ya bar masa jingina. Kullum bayan la'asar sai Dirakta ya zo ya zauna a bencinsa, ya juya kunnen dama wajen lasifika, ya ɗaga yatsa ɗaya yana bin kiɗan a kan gwiwarsa. In ya ce ya yi sauri, taubashina ya rage gudun injin. In ya ce ya ja, ya ƙara. Wani kiɗan ba ya ƙarewa a fuska ɗaya, sai an juya faifai, to sai sun zauna sun daidaita inda za a haɗa shi.

Ranar da na fara jin abin daga rumfata dariya na yi. Wani shuu ne kamar yayyafi a kan rufin kwano, a ƙarƙashinsa kuma wasu ƴan ɗigo-ɗigo, wani lokaci su taru su yi ƙarfi, wani lokaci su ɓace har ka ce faifan ya ƙare. Na ce wa mai shayin da ke kusa da ni, wannan ko kyauta aka ba ɗan tasha sai ya nemi canji.

Amma kafin a jima mai shayin nan da kansa ya fara kai musu shayi ya tsaya bai dawo da wuri ba. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya ya fara zuwa da kujerarsa. Dirakta yana zuwa da goro a aljihu, ya ɓara ya miƙa wa taubashina rabi. Wata rana na ga an aiko da fura daga gidansa a ƙwarya mai faifai, aka wuce rumfata aka kai can. Ni da na zauna a gabansa shekara guda a aji, ko ruwa ban taɓa sha a gidansa ba. Ina zaune ina buga wa mutane faifai, amma idona yana tsallaken hanya. Na fara lissafa wa kaina cewa ni aka fara kawo wa aikin, ni na nema wa yaron nan rumfa, ko sunan ordinata a bakina ya fara ji.

Sai ranar da na ji da kunnena. Taubashina ya tsayar da faifai a tsakiya ya ce allurar ta tsallake wani wuri, bari ya sake. Dirakta ya dafa kafaɗarsa ya ce, da muryar nan tasa da ake ji har bakin tasha, “Ɗana, kai kana da kunne.”

Ban san lokacin da na tashi na juya lasifikata ta fuskance su ba. Na sa wata waƙar biki na ɗaga ta har ƙarshe. Na san ƙarata ba za ta shiga aikinsu ba, tunda ta waya sautin ke bi. Tsohon kawai za ta hana ji. Na sani, kuma na yi.

Taubashina ya tsallako yana murmushi. “Ubangida, rage mana kaɗan, ka ga tsoho na aiki.”

“Nan tasha ce, ba asibiti ba.”

“Gaskiyarka. Ashe ciwon naka ya kai a kai ka asibitin, shi ya sa ka tuna da ita.”

Na rage, amma ba sosai ba. Daga ranar ya rataya tabarma a bakin rumfarsa, na daina ganin su, sai ƙafafunsu. Wannan ya fi ci mini rai.

Da aikin ya kammala sai ya zama dole a dawo wurina, domin ordinatar taubashina ba ta buga sede. Ɗiyar Dirakta, wadda ke aikin gwamnati a Yamai, ta aiko cewa tana tafe, kuma tana so a buga da dama, na mahaifinta da waɗanda za a raba wa tsofaffin abokan aikinsa. Har ta sa an buga takardar bango mai hoton akwatin. A daren da ya gabata kuma an yi ruwan fari mai kyau, kowa hankalinsa ya koma gona. Taubashina ya zo da jakarsa a kafaɗa, zai tafi Kore Mairuwa shuka, ya miƙo mini ɗan ƙaramin abin da ya zuba aikin a ciki.

“Ka buga shi yadda yake. Kada ka taɓa komi.”

“Bawa ne zai koya wa ubangijinsa buga faifai?”

“Ni wa? Na dai san hannunka, ƙaiƙayi gare shi.”

Ya hau mota ya tafi. Na buɗe aikin a ordinata. A jikin gilashi sauti yana fitowa ne kamar zane, mai ƙarfi ya yi kauri, marar ƙarfi ya yi siriri. Nawa kullum kamar katangar laka yake, cike daga farko har ƙarshe. Na taubashina kuwa kamar zare, nan ya kumbura, can ya sirance, ga gibi ko'ina. Na ce a raina, ashe wannan ne aikin mai kunnen. Rabin aiki ya yi.

Zan iya rantsewa ban yi niyyar ɓatawa ba. Niyyar ƙwacewa na yi. So nake Dirakta ya ji bambancin mai gyaran rediyo da mai sana'a, ya tambaya wa ya yi wannan, a ce ni ne. Na share shuu ɗin nan tas. Na ɗago wuraren da suka yi ƙasa har suka yi kai ɗaya da masu ƙarfi. Sannan na bi gibin nan ɗaya bayan ɗaya ina yankewa. Suna da yawa, har a tsakiyar kiɗa, inda mai kaɗawa yake ɗaga hannu ya dakata kafin ya ci gaba. Ban bar ko ɗaya ba. Da na gwada a rumfata, wani direba daga can ƙarshen tasha ya waiwayo. Na ce yauwa.

Na sa rigata ta Juma'a na kai fayafayen da kaina. Na tarar da Dirakta a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, ɗiyarsa ta shimfiɗa masa tabarma ta ajiye rediyon a kan kujera daidai kunnensa. Ta yi mini sannu da aiki, ta kawo ruwa. Na sha a hankali, ina jin yau dai na shigo gidan.

Ta sa faifan farko. Dirakta ya rufe ido ya ɗaga yatsa. Yatsan ya sauka sau biyu, sau uku, sai ya tsaya yana lalube kamar makaho a baƙon gida. Ya buɗe ido.

“Wanne ne wanga?”

Ta karanta masa abin da ke jikin takardar.

“A'a,” in ji shi. “Maido shi farko.”

Ta maido. Ya matsa har kunnensa ya kusa taɓa rediyon. Aka canza wani faifan, aka sake canza wani. Ni ina zaune ina jiran inda zai ce sautin ya fito. Can sai ya ja da baya ya jingina da itacen.

“Kashe.”

“Baba, ko a ƙara sauti?”

“Ba sauti ba ne, ɗiyata, kunne ne. Duk sun haɗe mini, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ba na jin inda mutumin yake numfasawa.” Ya shafa kunnen da tafin hannu. “Likita ya faɗa mini haka zai zo, abubuwa su fara cakuɗewa kafin su ɗauke. Ban dai zaci da wuri haka ba. Kwanan baya ina jin su a rumfar yaron nan.”

Ɗiyar ta juya baya tana gyara ɗankwalinta. Shi kuma ya dube ni ya ce, “Kun yi ƙoƙari, kai da ɗan'uwanka. Laifin ba naku ba ne.”

Maganar tana bakina. Abin da ya rage kawai in ce, Dirakta, kunnenka lafiya lau, ni na taɓa faifan. Amma in na faɗa, na tabbatar masa da abin da ya ce a aji, a gaban ɗiyarsa, ina sanye da rigar Juma'a. Sai na ce, “Allah ya ba da lafiya.” Na tashi na sa takalmina.

Daga nan Dirakta ya daina fitowa. Na ji an ce ko labarai ya daina kunnawa, in an yi masa magana sai ya nuna kunne ya girgiza kai, ba ya ma ƙoƙarin saurare. Ɗiyar ta koma Yamai ta bar fayafayen a kwali, ba a raba wa kowa ba. Taubashina kuma shuka ta kai shi ga noman fari, noman fari ya kai shi ga maimai, domin mahaifinsa ba shi da lafiya a shekarar, shi kaɗai ne a gonar. Aikinsa na asali yana nan cikin aljihun teburina. Kullum in na buɗe neman canji sai na gan shi. Na sha cewa gobe zan buga in kai, goben ta zo in ce bari a ga Juma'a. Kuma akwai abin da ya fi wannan muni. In na dubi tsallaken hanya na ga rumfar a rufe, benci a kife, babu mai ɓara wa kowa goro, sai in ji wani sanyi a raina.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da taubashina ya dawo, ya yi baƙi ya rame. Bai buɗe rumfa ba sai da ya je gaida Dirakta. Daga can ya zo wurina kai tsaye da faifai ɗaya a hannu. Bai yi sallamar wasa ba. Ya sa faifan a na'urata da kansa, ya tsaya ya saurara kaɗan, ya kashe.

“Ɗan kawu,” in ji shi. Tun da muka tashi ban taɓa jin ya kira ni haka ba. “Ina shirun?”

“Wane shiru?”

“Wanda mutumin ya bari a cikin kiɗansa.”

Na fara cewa ai gyara na yi, ai kowa ya san faifai mai gibi ba ya sayuwa, ai da ƙugin nan ba mai iya jin komi. Ya bar ni na gama.

“Wa ya ce maka na sayarwa ne? Tsohon nan yana can zaune yana zaman makokin kunnensa, kunnen kuwa da sauran ransa. Abin da na ba ka yana nan?”

Na jawo aljihun tebur. Ya tsaya a kaina na buga faifai biyu sababbi, hannuna bai taɓa komi ba sai inda ake dannawa a buga. Da suka fito na miƙa masa, ya ƙi karɓa.

“Kai za ka ɗauka, kai za ka yi bayani. Ni bawa ne, rakiya ce tawa.”

Mun sami Dirakta a wuri guda, ƙarƙashin itacen, rediyon kuma an rufe ta da ƙyalle an ɗora a kan taga. Na durƙusa a gabansa na ce, a hankali, ni na taɓa faifan da aka kawo masa.

“Mi?”

Na sake faɗa.

“Ɗaga murya, yaro.”

Duk hanya na zo ina shirya yadda zan faɗi maganar a lulluɓe, ga shi dole in faɗe ta da ihu. Na ce, “Dirakta, ba kunnenka ba ne, ni ne. Ni na yanke faifan.” Matar da ke daka a gidan maƙwabta ta tsayar da taɓarya. Wasu mata biyu suka leƙo ta kan katanga. Taubashina ya sunkuyar da kai yana kallon tururuwa.

“Ka yanke mi?”

“Shirun da ke ciki.”

“Don mi?”

“Na zaci babu komi a cikinsa.”

Na jira maganar aji ta dawo, har na shirya mata. Bai faɗe ta ba. Ya ce wa taubashina, “Sauko da rediyon.”

Aka sa faifan farko. Shuu ɗin nan ya fara, kiɗan ya biyo baya. Dirakta ya manna kunnensa a jikin lasifikar, ya ɗora tafin hannun hagu a kan rediyon, ya ɗaga yatsan dama. Yatsan ya sauka, ya sake sauka, wannan karon bai yi lalube ba. Suka tafi tare. Can kiɗan ya fara yin ƙasa, ya sirance har ni da nake da kunne biyu sai da na matso. Na dubi fuskarsa na gane ba ya jin komi a wurin. Amma yatsan bai tsaya ba, ya ci gaba da tafiya shi kaɗai a hankali. Sai mai kaɗawa ya dakata. Yatsan ma ya tsaya a sama. Ba a jin komi a tsakar gidan sai shuu. Wannan gibin na gane shi, domin na tuna lokacin da na yanke shi, yana cikin masu tsawo. Ina ta jin kamar in miƙa hannu in tura faifan gaba. Sai yatsan ya faɗo a kan gwiwa, kuma a daidai wannan lokacin kiɗan ya dawo da ƙarfinsa.

Dirakta ya buɗe ido. “Ga shi nan,” in ji shi.

Ya bari faifan ya kai ƙarshe kafin ya sake magana. “Na ƙasan nan ba na jin su yanzu. Da a ce tun farkon damina aka kawo mini wannan, da wataƙila na ji.” Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar dai yadda yake faɗa wa yaro sakamakon jarrabawa. “Amma na san inda suke.”

Ya miƙa hannu ya kamo na taubashina ya riƙe. “Allah shi yi maka albarka, ɗana.” Ina durƙushe a wurin, kunya ta rufe ni har ba na iya ɗaga ido in dubi matan da ke kan katanga, amma wallahi da na ji wannan albarkar sai da abin nan ya sake tsunkulina a inda ya saba.

Na yunƙura zan tashi, ya ce, “Ina za ka? Zauna. Sa na biyu, ka ji shi har ƙarshe, kuma kada ka taɓa komi.” Na sa na biyun, na zauna a kan hannuwana.

Na sake buga sauran duka yadda taubashina ya juya su, ɗiyar ta zo ta raba wa waɗanda aka yi niyya. Waɗanda na ɓata kuwa taubashina ya kwashe ya ba masu amalanken jaki, suka kafa a bayan amalankensu don su riƙa ƙyalli in fitilar mota ta haska su. Na daɗe ina ganin aikina yana wucewa a kan gudiro, an ɗora masa itace ko buhun wake.

Kunnen Dirakta ya rufe gaba ɗaya kafin a gama kai gero rumbu. A tsakanin nan kusan kullum yana jin fayafayensa, abin da ya samu ya samu. Bai taɓa ce mini ina da kunne ba, ban kuma cancanta ba. Har ya rasu muna zuwa gaishe shi tare, ni da taubashina, mu zauna ya yi ta magana mu muna gyaɗa kai. In mun shiga, hannun taubashina yake fara kamawa kafin nawa, kuma ba a taɓa yin zuwan da ban lura ba.